Rogo iri ɗaya a gona duka, ko iri-iri? Abin da manomi zai auna kafin ya sayi dami

Da zarar damina ta zauna, mai shirin dasa rogo yakan samu kansa tsakanin shawara biyu. Malamin gona da dillalin masana'anta za su ce masa ya sayi damman sabon iri, galibi TME 419, ya cika gonar da shi daga wannan iyaka zuwa waccan. Dattawan gari da matan da ke dafa rogon sayarwa kuwa za su ce kada ya kuskura ya rabu da irin da ya gada, gara gonar ta zauna yadda aka saba, fari a nan, ja a can, mai saurin kawowa a bakin hanya. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, kuma kuɗin iri da wahalar shekara guda ne a kan layi, don haka maganar ta cancanci a zauna a auna ta.

Abu na farko da za a riƙe shi ne rogo ba kamar gero ba ne. Gero kowace ƙwaya tana da uwa da uba, saboda haka ko a gona ɗaya za ka tarar zangarniya ta bambanta da 'yar'uwarta. Rogo kuwa itacensa ake sarawa a dasa. Duk gindin da ya fito daga sandar da ka dasa, ƙwayoyin gadonsa daidai suke da na uwar da aka saro shi, babu ragi babu ƙari. Hekta ɗaya da aka dasa mita ɗaya-ɗaya tana ɗaukar gindi 10,000. Idan iri ɗaya ne, to a zahiri tsiro ɗaya ne aka maimaita sau 10,000: abin da ɗaya yake jurewa duka za su jure, abin da ya kayar da ɗaya kuma babu wanda zai tsira daga gare shi. Haka doya take, haka dankali, haka gwaza da rizga da tumuku. Daga wannan hali ne amfanin iri ɗaya ya fito, daga nan kuma haɗarinsa ya fito.

Mu fara da amfanin, domin ba ƙarami ba ne. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo a duniya, wajen tan miliyan 60 a shekara, amma abin da hekta ke bayarwa a matsakaici bai kai tan 10 ba. Ingantaccen iri mai lafiya, idan an yi noma a kan lokaci kuma ƙasar tana da ƙarfi, yana iya ba da tan 25 ko fiye. TME 419 yana tashi a miƙe, ba ya yawan rassa, ga nauyin sitaci. Wannan miƙewar tana sa a samu dogayen sanduna na iri, tana sa a iya haɗa shi da masara ko gyaɗa ko wake a farkon damina, tana kuma sauƙaƙa aikin inji. Mai tuyar garin kwaki yana son sa don buhun ɗanye yana ba da gari da yawa, masana'antar sitaci kuwa da yawa bisa nauyin sitacin suke yanka farashi.

Akwai kuma maganar lokaci. Rogo da an tone shi ya fara lalacewa, cikin kwana 2 zuwa 3 za ka ga baƙin zane ya ratsa cikinsa. Wanda ya yi alkawarin cika mota ranar kaza yana buƙatar gonar da za ta kawo lokaci ɗaya, girma ɗaya, a tone a loda a wuce. Gonar da rabinta ya ƙosa a wata 10 rabi kuma sai wata 15 ba za ta yi masa wannan aiki ba. A wannan fage iri ɗaya ya fi, ba na jayayya.

To amma daga ina TME 419 ya fito? Mutane da yawa suna ɗauka a ɗakin gwaji aka ƙera shi. Irin gargajiya ne na manoman ƙasar Togo, masu bincike suka tattaro shi, suka gwada shi a wurare daban-daban, aka saki shi ga manoman Nijeriya a 2005. Duk irin da sunansa ya fara da TME haka yake, daga gonar wani manomi aka ɗauko shi. Waɗanda suka fara da TMS su ne aka haɗa aure aka zaɓo a cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, da ke Ibadan. Su ma tushensu yana da ban sha'awa. Tun shekarun 1930 a tashar bincike ta Amani a Tanzaniya aka riƙa haɗa rogo da wani ɗan'uwansa na daji da aka kawo daga Barazil, don a samu juriyar cutar mozayik mai murɗe ganye. Daga zuriyar wannan haɗi aka samu wani iri mai lamba 58308 a Ibadan, wanda saiwarsa ba abin a-zo-a-gani ba ce amma cutar ba ta kayar da shi. Da shi Dakta S. K. Hahn ya yi aiki a shekarun 1970 har aka samu TMS 30572, irin da ya sauya noman rogo a kudancin Nijeriya. Ke nan duk wani sabon iri da ake alfahari da shi yau, daga wani tsohon iri ko itacen daji da wani ya ƙi yarwa aka ciro ƙarfinsa.

Haɗarin kuwa ba hasashe ba ne, ya faru, kuma a nahiyarmu. A Yuganda, a shekarun 1980, wani iri da ake kira Ebwanateraka ya mamaye gonaki saboda yana da daɗi yana kuma bayarwa. Wajen 1988 wani sabon nau'in cutar mozayik mai tsanani ya ɓulla a yankin Luwero, ƙananan fararen ƙwarin nan da ke zama a bayan ganye suka riƙa yaɗa shi. Ebwanateraka ba shi da kariya ko kaɗan. Cikin 'yan shekaru gundumomi da dama suka bar noman rogo, aka shiga yunwa a wuraren da rogo ne abincin dogaro idan hatsi ya gaza. Abin da ya ceto ƙasar shi ne iri masu juriya, da yawansu daga Ibadan aka kai su.

Abin da ya biyo baya ne ya fi damuna. Cikin irin da suka bazu a Yuganda bayan waccan annoba akwai TME 14 da TME 204, 'yan asalin Afirka ta Yamma, masu juriyar mozayik sosai. A 2004 sai ga wata cuta daban, mai ruɓar da saiwa ta koma ruwan ƙasa, wadda a da aka fi sanin ta a bakin tekun gabashin Afirka. Waɗannan iri biyu da suka yi ceto suka zama cikin waɗanda ta fi ragargazawa. Muguntar wannan cuta ita ce takan bar gona kore shar, manomi yana murna, sai ranar tono ya fasa saiwa ya ga cikinta ya yi busasshen ruɓa, tabo-tabo masu tauri, ba ta dafuwa ba ta garin kwaki. Ta riga ta shiga Ruwanda da Burundi da Kwango da Zambiya. Ba a tabbatar da ita a Afirka ta Yamma ba, amma yamma take nufa, kuma irin da muke nomawa ba a zaɓe su don jure mata ba. Shi ya sa shirin WAVE mai sa ido kan cututtukan rogo yake da reshe a jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero a Jihar Kebbi. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Masu noman gwaza sun riga sun ɗanɗana irin wannan. A tsibirin Samowa da ke tekun Fasifik kusan kowa iri ɗaya yake nomawa, mai suna Niue, har 1993 da cutar ƙunar ganye ta sauka ta share gonakin, cinikin gwaza zuwa waje ya kusan tsayawa cak. Sai da aka nemo iri daga Palau da Filifin da wasu ƙasashen Asiya aka haɗa aure kafin noman ya farfaɗo. Wannan cuta ce ta iso Nijeriya da Kamaru da Gana wajen 2009 zuwa 2010, gwaza ta yi wuya a kasuwanni.

Yanzu mu juya ga gonar iri-iri. Babbar hujjarta a ƙasar Hausa tana cikin tukunya. A kudu yawancin rogo sai an goge, an matse, an bar shi ya yi tsami kafin a ci, saboda haka masu haɗa iri suka daɗe suna mai da hankali kan yawan saiwa da sitaci. Mu kuwa dafaffen rogo muke ci da ƙuli-ƙuli da yaji, mu gasa, mu yi kwaɗo, mu yi ƙosan rogo, mu shanya alabo don tuwo da ɗanwake. Tsaya kusa da mai tallan dafaffen rogo a tasha ka ga yadda ake saye. Mai saye zai ɗauki guda ya murza da yatsa. Idan ya dare da kansa, cikinsa fari tas yana warwatsewa, an ce ya yi gari, nan take tiren zai ƙare. Idan kuwa ya tsaya da tauri, cikinsa ruwa-ruwa yana ƙyalli, ko an kwana ana hura masa wuta ba zai nuna ba, kuma gobe ba wanda zai tsaya wurinta. Ingantattun iri da yawa a nan suke faɗuwa. Irin gida kamar Dakata da aka sani a yankin Kano ba don yawan tan aka riƙe su ba, don wannan garin aka riƙe su, da kuma jure dogon rani. Masu bincike ma sun fahimci haka: cikin iri biyar da aka saki a ƙarshen 2020, wato Game Changer da Hope da Obasanjo-2 da Baba-70 da Poundable, na ƙarshen an sake shi ne musamman don dafawa da sakwara.

Hujja ta biyu ita ce gona mai iri-iri rumbu ce a cikin ƙasa. Wani iri yana kawowa da wuri a ci a lokacin da hatsi ya ƙare, wani yana iya zama a ƙasa fiye da shekara ba tare da ya zama itace ba. Wani yana jure fari, wani gara ba ta cika damunsa ba, wani ganyensa ya fi daɗin miya. Mai rassa da yawa kamar TMS 30572 yana rufe ƙasa da wuri ya danne ciyawa, abin da TME 419 ba ya yi, don haka mai TME 419 sai ya ƙara kuɗin noma. Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri ba duka ne za su gaza tare ba.

Sai dai kada son tsohon iri ya rufe mana ido. Sandar rogo tana ɗauke da duk cutar da uwarta take da ita, kuma irin da aka shekara 30 ana sara ana dasawa sau da yawa ya tara cuta ya gaji. Duba ganyensa: idan ya yi dabbare-dabbaren rawaya da kore, ya ƙanƙance, ya murɗe kamar an matse shi a hannu, mozayik ne, kuma saiwar da ke ƙasa ba za ta yi girma ba. Wasu manoma sun saba ganin haka har suna ɗauka halittar ganyen rogo ke nan. Iri huɗu marasa lafiya ba su fi iri ɗaya mai lafiya ba, sun ma zama matattarar cuta ga gonar maƙwabci.

Akwai kuma haɗarin guba, wanda ba a wasa da shi. Kowane rogo yana da sinadarin sayanayid, bambancin a yawa ne. Mai zaƙi ana iya ɓarewa a dafa a ci, mai ɗaci kuwa sai an jiƙa kwanaki ko an goge an matse an soya. Fari, wato ƙarancin ruwan sama, yana ƙara gubar. A 1981, a lardin Nampula na Mozambik, fari ya tilasta wa mutane cin rogo mai ɗaci ba tare da cikakken gyara ba, fiye da mutum 1,000 suka kamu da shanyewar ƙafafu da ake kira konzo, wadda ba ta warkewa. A wurinmu da yara kan tono rogo su ci ɗanye, wanda ya cakuɗa mai ɗaci da mai zaƙi a kunya ɗaya ya ajiye tarko a gonarsa. Iri-iri yana nufin kowane iri da yankinsa, da alama a tsakani, mai ɗaci kuma can ciki nesa da hanya.

Wani abin da ke ruɗar mutane shi ne suna. Iri ɗaya yakan ɗauki suna uku a garuruwa uku, iri biyu mabambanta kuma su yi tarayya a suna ɗaya. A 2015 zuwa 2016 an bi gidajen manoma kusan 2,500 a Nijeriya aka ɗebi ganye aka gwada ƙwayoyin gadonsu, sai aka tarar da yawa suna noma ingantaccen iri suna kiransa na gida, wasu kuma suna noma na gida suna zaton ingantacce ne. Don haka mutum yana iya cewa yana da iri uku alhali ɗaya ne. Kada ka tsaya ga suna, duba launin tsinken ganye, launin toho, launin sanda, inda take fara rassa, da launin fatar ciki idan ka kankare saiwa. Ko tsakanin iri masu rajista ma akwai wannan matsala a ɓoye: da yawa daga cikin masu juriyar mozayik, irin su TME 419 da TME 7 da Yarabawa ke kira Oko-iyawo, kariyarsu daga ƙwayar gado guda ɗaya take, wadda masana ke kira CMD2. Ta TMS 30572 kuwa daga wancan itacen daji ta fito, kuma ƙwayoyin gado da dama ne suka haɗu suka yi ta. Wanda ya haɗa ɗaya daga kowane tsatso ya fi samun kariya a kan wanda ya tara uku daga tsatso ɗaya.

To wa zai ɗauki wanne? Idan kana da yarjejeniya da masana'anta ko kana noma hekta da yawa don garin kwaki, ingantaccen iri ne hanyarka, amma ban ga dalilin da zai sa ya zama guda ɗaya tak ba. Masana'anta sitaci take saye, kuma akwai iri masu nauyin sitaci fiye da ɗaya: TME 419, da Dixon, da Farmer's Pride, da Game Changer. Raba gonar gida biyu ko uku, kowane yanki da irinsa, ka tone su ɗaya bayan ɗaya. Abin da za ka rasa kaɗan ne, wato ɗan bambancin da ke tsakanin wanda ya fi bayarwa da mai bi masa. Abin da za ka samu shi ne ranar da wata cuta ta kama ɗaya kana da sandunan dasawa a hannunka, ba sai ka bi layin masu nema ba. Wannan na da muhimmanci ƙwarai domin rogo ba ya saurin yaɗuwa: gindi ɗaya sanduna wajen 10 yake bayarwa a shekara, alhali ƙwayar masara ɗaya tana ba da ɗaruruwa. Ƙasar da ta rasa irin rogonta shekaru take yi kafin ta mayar.

Idan kuwa gonarka kadada ɗaya ce ko ƙasa da haka, kana ci kana sayarwa a kasuwar ƙauye, to shawarata ita ce kada ka bar irin gida ya fita hannunka, amma kada ka tsaya a kansa shi kaɗai. Ba sabon iri kamar rabin gonar, ka bar sauran wa iri biyu na gida waɗanda matan gidanka da masu sayenka suka yarda da su. Kafin ka faɗaɗa kowane sabon iri, dasa kunya kaɗan, ka dafa shi sau biyu, ɗaya da rani ɗaya bayan saukar ruwan fari, domin rogon da ya yi gari a watan Janairu yana iya ƙin nuna a watan Yuni idan ya mai da sitacinsa wajen fitar da sabon ganye. Mai ƙananan yara a gida ya ware wa rogo mai ruwan ɗorawa 'yan kunyoyi. An fara sakinsa a 2011 ta hannun cibiyar binciken rogo da doya ta Umudike a Jihar Abiya da IITA, yana ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Da yawansu sun fi farin rogo ruwa, garin da suke bayarwa bai kai ba, saboda haka don amfanin gida suka fi dacewa sai in kana da mai saye na musamman.

Tsohon irin da ka riƙe yana buƙatar gyara. Tun yana wata biyu zuwa uku ka zagaya ka tuge duk gindin da ganyensa ya murɗe. Waɗanda suka tsaya lafiya ka ɗaura musu ƙyalle, daga cikinsu kaɗai za ka sari iri. Ka ɗauki tsakiyar sanda wadda ta ƙosa, tsawon kamar santimita 25, mai ido 5 zuwa 7. Sabon iri kuma ka saye shi daga masu noman iri da hukumar kula da iri ta ƙasa, NASC, ta yi wa rajista, ko ka je gonar da kanka tun da ganye a jiki. Damin da aka jibge a bakin titi ba ganye ba shaida, ba ka san iri ba, ba ka san lafiyarsa ba. Kada kuma wanda ya yi tafiya gabashin Afirka ko Kwango ya ɗauko sandar rogo a kayansa don ya ga ta yi kyau. Ta irin wannan hanya cututtukan nan suka fi tsallake iyaka, kamar yadda mozayik ya ɓulla a Kambodiya a 2015 ya bazu a yankin da 'yan iri kaɗan suka mamaye gonakinsa.

A arewa babban abin da ke kashe iri ba cuta ba ce, dogon rani ne da dabbobi. Sandar da aka sare a Disamba aka jingine a rana ba za ta kai Yuni ba. Hanya mafi tabbas ita ce a bar wani yanki a tsaye cikin shinge har lokacin dasawa, ko a kafa damman a tsaye a inuwa, gindinsu a cikin ƙasa mai ɗan danshi, a kiyaye gara. Mai fadama ya dasa 'yan kunyoyi na kowane iri a can. Ka kuma ba wani ɗan'uwa a wani gari kaɗan daga kowane irin da kake da shi, domin shekarar da shanu suka shiga gonarka wurinsa za ka koma.

Akwai wani aiki da ƙaramin manomi zai iya wanda ba a cika ambata ba. Rogo yana fure yana 'ya'ya, kuma ƙwari suna haɗa auren iri biyu da ke kusa da juna. Ɗan tsiron da ka ga ya fito da kansa a tsohuwar gonar rogo, mai saiwa ɗaya miƙaƙƙiya, sabon iri ne da babu irinsa. 'Yan ƙabilar Makushi a ƙasar Gayana ta Kudancin Amurka, kusa da inda rogo ya samo asali kafin Turawan Fotugal su kawo shi Afirka a ƙarni na 16, sukan bar irin waɗannan su girma, su zaɓi na kirki su yaɗa, har aka ƙirga iri sama da 70 a ƙauye guda. Cibiyar binciken noma ta CIAT a Kolombiya tana ajiye da iri kusan 6,000, IITA fiye da 3,000, kuma a cikin na Kolombiya ne masu bincike a Jamus suka gano 'yan kaɗan da cutar ruɓewar saiwa ba ta kamawa, ana haɗa su da irin Afirka yanzu. Idan ka bar irin wannan tsiro, ka sa masa alama, kada kowa ya ci shi ɗanye ko dafaffe sai an tabbatar ba mai ɗaci ba ne, ka dasa sandunansa a kunya ta daban shekara biyu kana lura kafin ka shigar da shi cikin gona.